Gyaran Kamfanin Jirgi: Daga Aljihun Wa Yake Fitowa?

Duk wanda ya taɓa cinikin albasa a Aliero ya san gyara, ya kuma san mai kaya ba ya ba da ita sai ya riga ya lissafa ta cikin farashi. Da wannan idon nake kallon makin da kamfanonin jiragen sama ke bai wa fasinjojinsu, wanda idan ya taru ake musanya shi da tikiti ko kujera mai daraja. Zancen ya fara yawo a wayoyin ɗalibanmu na jami'ar Aliero, inda wasu Turawa ke alfaharin sun zaga duniya kyauta da makin katin bashi.

American Airlines ne ya fito da tsarinsa na AAdvantage a 1981, domin ya riƙe masu yawan tafiya. A lokacin nisan da ka ci a sama shi ne ma'auni. A 2015 Delta da United suka koma auna maki da tsadar tikiti. Yau kuwa ɗimbin makin da ke hannun Amurkawa a kanti da gidan mai aka same shi, domin bankuna na sayen maki a sari daga kamfanonin jirgi, su raba wa masu katinsu. Cinikin ya yi girman da a 2020, lokacin da korona ta tsayar da jirage, Delta ya jinginar da tsarin makinsa ya ciwo bashin dala biliyan 9.

To, wa ke biya? A Amurka mai kanti na rasa kusan kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na duk cinikin da aka yi da katin bashi, shi kuma ya ɗora a kan farashi. Sauran yana fitowa daga kuɗin ruwan da ake tatsa a hannun waɗanda wata ya ƙare ba su biya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A nan gida, ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta tsayar da cajin ɗan kasuwa a rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kada ya wuce naira 1,000. Daga wannan ɗan abin wane banki zai yanko wa mutum tikitin Jidda? Shi ya sa dillalin hatsi a kasuwar Jega zai juya miliyoyi ta waya da na'urar POS shekara guda bai ga maki ko ɗaya ba. Ga kuma matsalar riba, wadda a wurin mafi yawanmu ta rufe ƙofar katin bashi tun kafin a zo ga lissafi.

Hanyar da ta rage mana ita ce ta asali, wato hawa jirgin kansa, kuma a nan ne nake ganin muna asara a banza. Attajiranmu na Jega da Maiyama na zuwa Umara, wasu na zuwa sarin kaya Dubai da Sin, amma tikitin ejan ne ke yanka shi, ba wanda ya damu da sa lambar rajista. Rajistar kyauta ce. Ethiopian Airlines da EgyptAir, da duk suke sauka Kano, ƙawance ɗaya suke ciki, Star Alliance, don haka ana iya tara makin su biyun a asusu guda, muddin ajin tikitin na ba da maki. Wanda ya manta, ya adana katin shiga jirgi, yawanci ana karɓar ƙorafi cikin 'yan watanni. Alhazan da ke tashi daga filin jirgin Birnin Kebbi a jirgin shata kada su sa rai, irin wannan jigila ba kasafai take shiga lissafin ba.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya ƙara kuɗi a kan tikiti domin kwaɗayin maki. Kamfani ne ke buga wannan kuɗi, shi ke yanke darajarsa, yana iya rage ta da sanarwa guda, wani makin ma yana da wa'adin mutuwa. Tikitin da ake kira kyauta kuma sai ka biya harajinsa da tsabar kuɗi. Idan tazarar farashi tsakanin kamfani biyu ta kai kuɗin buhun albasa goma, ni dai mai araha zan hau, in kuma miƙa lambata a wurin awon kaya.