Kayan Nitso: Wasa A Bahar Maliya, Ceton Rai A Binuwai

Alhazan da suka taɓa tsayawa bakin teku a Jidda sun san yadda ruwan Bahar Maliya yake garau. A ƙarƙashinsa akwai duwatsun murjani, watau gine-ginen da waɗansu ƙananan halittu suke yi sannu a hankali, inda kifaye masu launi iri-iri ke fakewa. Don kallonsu ne baƙi ke tururuwa zuwa Masar kowace shekara. Mutum ya goya tulun iska, ya sa tabarau da takalmi mai kama da ƙafar agwagwa, ya nutsa. Sabon koyo ba ya wuce zurfin ƙafa 60, amma yakan yi fiye da rabin sa'a a ƙasa yana numfashi kamar yana ɗakinsa. Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka gyara wannan na'ura a 1943.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Mutum Biyu da murjani? Ga ruwansa. Ƙasar Gassol ƙasar koguna ce, Taraba da Binuwai, kuma jirgin ruwa shi ne motar talaka. A watan Oktoban 2023 jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Mayo Ranewo zuwa yankin Karim Lamido ya kife a Binuwai, mutane da yawa suka halaka. A 2024 kuma ambaliya ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma tsallakewa ta ruwa. Duk lokacin da irin wannan ta faru, wa ake kira? Masunta da yaran Sarkin Ruwa. Su faɗa da gajeren wando, ba su da komai sai numfashin ƙirjinsu, wanda bai fi minti ɗaya ko biyu ba.

Abin takaicin shi ne, kayan nan ba baƙi ba ne a Nijeriya. Kamfanonin mai suna aiki da su. A 2013 masu nitso suka fito da Harrison Okene da rai daga jirgin da ya nutse a tekunmu, zurfin wajen ƙafa 100, bayan ya yi kusan kwana uku a ciki. Ashe abin da ake yi wa bututun mai ya fi ƙarfin mai tallar kifi?

Amma kada mu ruɗi kanmu. Binuwai ba Bahar Maliya ba ce. Da damina ruwanta ja ne, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ga igiyar ruwa, ga kututture da tsohuwar koma. Wanda ya shaƙi iskar tulu a ƙasa ya taso da gaggawa yana riƙe numfashi, huhunsa na iya fashewa. Saboda haka sayen kaya ba horo, ƙara gawa ne kawai.

Shawararmu ga Gwamnatin Jihar Taraba da Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ita ce a zaɓi 'ya'yan masunta, waɗanda suka san kowane gurbi na kogin, a horar da su, a ba su albashi. A ajiye ƙungiya da kayanta da injin cika tulu a Mutum Biyu, da Lau, da Ibi, domin taimakon da zai taso daga nesa sai dai ya tarar da zaman makoki.

Duk da haka, rigakafi ya fi magani. Mai nitso yawanci gawa yake fitowa da ita. Rigar ceto ga kowane fasinja, hana lodi fiye da kima, da hana tafiyar dare, su ne za su rage masa aiki. Allah ya kiyaye mu, amin.