Zauren Ɗalibai: Kafin a Sayi Fili, a Jira Marka

A wannan makon mun ajiye zancen jarrabawa, za mu taɓo abin da ya taɓa cinye mana kuɗi a gida, wato sayen fili ba tare da sanin halin ruwa da iskar wurin ba.

Shekara biyu da suka wuce, yayanmu ya tara abin da ya samu a kasuwa ya sayi fuloti a gefen garinmu, a ƙasar Dambatta. A watan Maris aka yi cinikin. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ga araha, ga shi kusa da titi. Da Agusta ta zo aka shiga marka, sai muka tarar ruwa ya kwanta a ciki har gwiwa, bulon da aka buga ya jiƙe, harsashin ginin ya zauna. Wani dattijo da ke da gona a kusa ya ce mana tun yana yaro shinkafa ake shukawa a nan. Ba wanda ya tambaye shi kafin a biya kuɗi. Ashe araha ba ta ado.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka yanayin Kano ɗaya ne. A aji muka gane ba haka ba ne. Kudancin jihar, wajen Doguwa da Tudun Wada, ruwan shekara yakan haura milimita 1,000, damina kuma ta fi tsawo. Mu nan arewa, Kunchi, Makoda, Tsanyawa, Bichi da Dambatta, a matsakaici ba ma kaiwa haka, kuma shuka takan makara har cikin Yuni. Sai dai ƙarancin ruwan shekara bai hana ambaliya ba, domin kaso mafi yawa yana sauka ne a Yuli da Agusta, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya cikin sa'o'i kaɗan.

Ko a gari ɗaya ma, wuri ya bambanta da wuri. Jigawa, wato tudu mai rairayi, tana shanye ruwa da wuri, gida ba ya jiƙa. Amma rijiyarta na iya yin zurfi, kuma in ba itatuwa, iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas za ta cika ɗaki da ƙura. Fadama kuwa ga sanyi, ga ruwa kusa, ga damar lambu da rani. Amma ƙasarta laka ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, shi ya sa bango ke darewa. Haka wuraren da ke kusa da madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai, Tomas a yankin Dambatta da Makoda, da Wasai a Minjibir: akwai albarkar noman rani da kifi, akwai kuma sauro, sanyin asuba da hunturu, da fargabar ruwa ya tumbatsa.

Akwai kuma iskar farkon damina. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. Wannan ne ya sa bangon gabas ya fi saurin zaizayewa, kuma gidan da ya tsaya shi kaɗai a bakin gari ba bishiya ya fi saurin rasa kwanon rufinsa. Kakanninmu da suka bar kuka, ɗorawa da tsamiya a gonaki, suka jera darbejiya a ƙofar gida, sun san abin da suke yi.

Me ya sa matsalar ke ƙaruwa? Ƙasarmu ta cika da jama'a. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu kan yadda kewayen Kano ya cika maƙil, kusan ba gonar da ake bari ta huta. Yau gado ana ta raba shi, gona tana komawa fuloti. Tudu ya ƙare, sai a gangara kwari, a cike kududdufi da shara da ƙasa a ce fili ne. Alhali kududdufin nan shi ne randar unguwa. In an toshe shi, ruwa ba zai fasa zuwa ba, gidajen mutane zai shiga.

To, mu da ake cewa mun yi boko, ga inda za mu yi amfani. In Baba ko Yaya zai sayi fili, mu roƙe shi ya je ya gan shi a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gani ya kori ji. In ba za a iya jira ba, a duba alamu: ƙasa baƙa mai tsagewa, kachala ko ragowar karan shinkafa, da zanen laima a gindin katangar maƙwabta. A leƙa rijiya mafi kusa, a tambayi zurfinta da ko tana ƙafewa a bazara. A zauna da mai unguwa, dagaci da tsofaffin manoma, a tambaye su ina ruwa yake bi a shekarar da ya yi yawa, kamar 2022. A saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Sannan kada a manta da takarda: dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara.

Yayanmu dai bai sayar da filinsa ga wani ya cuce shi ba. Ya kwashe bulon da ya tsira, bana shinkafa ya zuba a wurin, yana kuma sake tara kuɗin wani filin a tudu. Wannan karon ya ce sai an yi marka zai je dubawa, kuma tare da dattijon nan za su tafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.