Dutse Ma Tsibiri Ce a Harkar Intanet

Ra'ayin da wasu ke da shi, wai haɗin gwiwar ƙasashe kan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku damuwar tsibirai ce, babu ruwan Jigawa, ba shi da tushe. Gaskiya ne da dutse mai aman wuta ya tsinke wayar Tonga a Janairun 2022, ƙasar ta yi kusan mako biyar a yanke. Amma ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet da hada-hadar bankunan Najeriya suka samu tangarɗa. Mai POS a kasuwar Shuwarin ta Jigawa kuwa da waɗannan bankunan yake aiki, kuma galibin intanet ɗin Dutse ta wayoyin da suka sauka a Legas yake shigowa.