Daura Ba Ta Da Teku, Amma Tsibiranta Na Jiran Jirgi

A gaɓar Dakar, babban birnin Senegal, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Gore. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, ko mota ba ta yawo a cikinsa. Jirgin ruwa na kwasar baƙi daga tashar Dakar, cikin kamar minti 20 ya sauke su, su je su ga Gidan Bayi da aka gina wajen 1776, da ƙaramar ƙofarsa mai kallon teku wadda ake cewa ta nan ake fita da bayi, ba sa dawowa. A 1978 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. Fafaroma John Paul na Biyu ya je a 1992, Barack Obama ya je a 2013.

Idan aka kawo wannan misali a zauren hira a Daura, amsar a bakin kowa take: ai su Allah ya ba su teku. Wannan uzuri ya daɗe yana yi mana rumfa, kuma lokacin rushe shi ya yi.

Mu duba aikin da jirgin yake yi. Yana da lokacin tashi da kowa ya sani, yana da kuɗin shiga tsayayye, yana da hanya guda da yake bi, sannan idan baƙo ya sauka akwai mai ba shi labari. A Gore, Boubacar Joseph Ndiaye ya shafe fiye da shekara 40 yana tsaye a gidan nan yana bayani har rasuwarsa a 2009, kuma bakinsa ne ya ɗaga sunan wurin. A tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare, tsofaffin fursunoni ne ke zagawa da baƙi. Cikin waɗannan abubuwa huɗu, wanne ne sai da ruwan gishiri yake yiwuwa?

Masarautar Daura ma tana da nata tsibiran, sai dai rairayi da gonakin gero ne suka raba su. Ga Rijiyar Kusugu a tsakiyar gari, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a. Ga fadar Sarki. Ga Tsohon Birni, inda ake cewa sarauniyoyi suka zauna kafin Daurama ta dawo da gari inda yake yau. Ga Zango da Baure, inda zuriyar tsofaffin sarakuna suka kafa mulki bayan Malam Isiyaku ya karɓe Daura a zamanin jihadi, wajen 1805, har Turawa suka maido Sarki Musa daga Zango a farkon ƙarni na 20. Ga Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, kan hanyar Damagaram. Kowane wuri da labarinsa, amma baƙon da ya zo yakan leƙa rijiya, ya ɗauki hoto, ya koma Kano ko Katsina kafin la'asar. Bai kwana ba, bai ci tuwon kowa ba, bai sayi ko hula ɗaya ba.

Mu da muke sana'ar rubuta manhaja akwai ƙa'idar da aiki ya koya mana: abin da ba a shigar ba, na'ura ba ta san da shi ba. Mai karatu, ɗauki wayarka ka nemi Kusugu. Za ka sami labarin Bayajidda an maimaita shi shafi bayan shafi, yawanci da Turanci, wani na kwafar wani. Yanzu nemi lokacin da ake buɗe wurin, da nawa ake biya, da wanda zai raka ka Zango, da ranar da Sallar Gani za ta kama bana. A nan za ka sha wuya. Wanda ke Legas ko Yamai yana son kawo iyalinsa ba zai taso a kan jita-jita ba. Kuma kada wani ya ɗauki wannan magana ya je neman kwangilar miliyoyi don ƙera manhajar yawon buɗe ido. Manhajar da ba ta da bayanai tulu ce ba ruwa. Shafi ɗaya da Hausa da Turanci da Faransanci, mai sahihin lokaci da farashi, ya fi ta amfani.

Za a ce ai Bayajidda tatsuniya ce, me za mu sayar? Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan yawan bayin da suka bi ta Gore, wasu na ganin an zuzuta, amma jirgi bai daina tashi ba. A gaya wa baƙo gaskiya: ga abin da kaka da kakanni suka ce game da Bawo da Hausa Bakwai, ga abin da masana ke tuhuma. Sannan tarihin Zango da Baure rubutacce ne. M. G. Smith ya yi masa littafi guda, The Affairs of Daura, a 1978, shekarar da Gore ta shiga jerin UNESCO. Matashin Daura nawa ne ya taɓa riƙe shi a hannu?

Za a ce ziyarar rijiya na buɗe ƙofar camfi. Camfi a wurin da babu mai bayani yake tsiro. Ɗan rakiya mai ilmi shi ne zai ce wa baƙo wannan ruwa ne kamar kowane ruwa, darajarsa tarihi ce.

Za a ce tsaro, za a ce talauci, wa ke ta yawo ana fama da abin kai wa baka? Matsalar tsaro a Jihar Katsina gaskiya ce, ba mai musu. Amma baƙon farko da muke nema ba Bature ba ne. Ɗalibin sakandare ne daga Kazaure, da iyali daga Kano, da 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi, waɗanda dama suna zuwa biki da kasuwa. Tun da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura a watan Yulin 2025, garin ya ƙara samun dalilin ziyara. Batun talauci kuwa, kuɗin baƙo aljihun mai adaidaita da mai fura da baduku da mai masauki yake shiga.

Ga abin da ya sa maganar ke da gaggawa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura zai bi. Jirgi dai na tafe, ko da ba na ruwa ba ne. In ya iso bai tarar da abin da zai sa fasinja ya sauka ba, ta taga za a riƙa kallon mu. Dattawan fada da makaɗa da maroƙa waɗanda suka haddace jerin sarakuna kuma ba jiran mu za su yi ba. Duk wanda ya kwanta dama a cikinsu ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da abin da kwangila ba za ta iya maidowa ba.

Don haka muna kira ga masarauta da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da ƙananan hukumomi biyar na ƙasar Daura: a tsayar da mota ɗaya da za ta riƙa tashi daga Kusugu duk Asabar da safe, ta bi fada da Tsohon Birni da Zango, da farashin da aka rubuta a allo. A horar da 'yan rakiya daga ɗaliban Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke garin. A naɗi muryoyin dattawa bana, kada a bari sai baɗi. Shafin intanet da taswirar hanya kuwa, wannan aikinmu ne, a ba mu bayanai mu yi.

Kirarin tushen Hausa ba ya ciyar da kowa muddin baƙo bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.