Kuɗin fakin a Legas: Mai gida kada ka naɗe hannu

Duk lokacin da aka ta da maganar ajiye mota a tsakiyar gari, da yawanmu sai mu ce rigimar direbobi ce. Alhali duk mai gida ko shago a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12 da ke biyan haraji, maganar nan tasa ce, ko da keke bai mallaka ba.

Tun 2001 gwamnatin Legas ta haɗe harajin gida, kuɗin ƙasa da kuɗin gyaran unguwa wuri guda, wato Land Use Charge, aka kuma yi wa dokar gyara a 2018 da 2020. Bisa darajar gida ake yanka shi. To, idan tirela ta kwana a layi ta fasa kwalbati, kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna, wa ya yi asara? Idan mai saye ya rasa inda zai tsaya, ɗan hayan shago ya kwashe kayansa, wa ya yi asara? Mai gida ne. Amma takardar haraji ba ta fasa zuwa.

A ƙarƙashin dokar sufuri ta 2018 aka kafa hukumar LASPA don kula da ajiye motoci. A 2022 takardunta suka ta da ƙura, inda ta nemi Naira 80,000 a shekara kan kowane gurbin mota a filin da ke tsakanin gini da titi. Lauya Femi Falana ya ce wannan hurumin ƙananan hukumomi ne a tsarin mulkin 1999, gwamnati kuma ta ce su ne suka miƙa mata ikon. Ko wa ke da gaskiya, daga aljihunmu kuɗin zai fita.

Ni ban ce a bar titi kara zube ba. Inda babu doka, mai ƙarfi ke mamaye ƙofar gidan mai rauni, kuma motocin albasa da tumatir na 'yan'uwanmu suna cikin masu toshe hanya. Amma a yi adalci. Na farko, hukuma ɗaya ta karɓa, ta ba da rasit, ba jiha ta karɓa, ƙaramar hukuma ta karɓa, 'yan tasha su biyo baya ba. Na biyu, a bayyana nawa aka tara, a ga aikinsa a titi da kwatar unguwar da aka tara shi. Na uku, a ware wa masu sauke kaya wuri da lokaci kafin a fara jan motoci.

Kada wani ya ce mana mu baƙi ne. Sashe na 43 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar gida a ko'ina cikin ƙasa. Wanda aka karɓi harajinsa, dole a saurari bakinsa.

Saboda haka mu adana rasit, mu riƙa halartar taron ƙungiyar raya unguwa tare da maƙwabtanmu Yarabawa, shugabanninmu kuma su rubuta wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, ba saƙon baki ba. In ba ka wurin, da kai za a yi rabon, amma ba a ba ka ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.