Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kira Ga Jama'ar Arewa



Ku tuna da abin da ya same mu cikin mako shida kacal a shekarar 2024. Daren da aka wayi garin 10 ga Satumba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya afka wa Maiduguri jama'a na barci. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga babbar kasuwa, ya shiga asibitin koyarwa, ya rushe katangar gidan yari har fursunoni sama da 270 suka tsere, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Ba mu gama zaman makoki ba, ranar 15 ga Oktoba tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, ta kama da wuta, ta cinye rayuka fiye da 150. Mako guda bayan haka duhu ya rufe yawancin jihohin Arewa: maɓarnata sun riga sun lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage mana, wanda ya biyo ta Binuwai, shi ma ya samu matsala. Aka kwashe fiye da mako guda babu wuta daga Kano har Gombe.

Mun yi jaje. Mun tara gudunmawa. Mun ce Allah ya kiyaye gaba, kuma muna nan muna roƙonsa. To amma ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami: a yau ɗin nan, wa ke zaune yana nazarin yadda za a hana maimaituwar waɗannan masifu? Wa ya ba shi aikin? Nawa aka ware masa? Yaushe zai kawo mana amsa?

Ba wai ba mu da masana ba ne. Akwai cibiyoyin nazarin bala'o'i a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Fasaha ta Minna. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Akwai cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA. Hukumar NEMA tana nan tun 1999. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Asusun TETFund na da kason kuɗi na musamman don bincike, daga harajin da kamfanoni ke biya. Masana na nan, hukumomi na nan, ɗan kuɗin ma ba a rasa ba, ko da yake ba mu kai ko kusa da kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa da Tarayyar Afirka ta ce a riƙa kashewa kan bincike ba.

Abin da muka rasa shi ne tsari. Babu wani jeri guda da jama'a suka sani, wanda ya ce ga tambayoyin da suka fi gaggawa, ga wanda zai amsa kowacce, ga ranar da za a karɓi amsa. Malamin jami'a yakan zaɓi abin da zai kai shi ga ƙarin girma, ba laifinsa ba ne, da haka ake auna shi. Ɗalibi yakan zaɓi abin da zai gama da wuri. Masu ba da tallafi daga waje sukan zo da tasu tambayar. Kundayen sai su taru a ɗakin karatu suna shan ƙura, mai gadin madatsa da ɗan kwana-kwana kuwa ba wanda ya taɓa tambayar su abin da ke hana su barci.

Saboda haka nake kira gare ku: mu tashi mu nemi a tsara mana jerin binciken tsaro na Arewa, a bainar jama'a, a kuma fara da abin da ke kashe mu. Ga tambayoyi biyar da nake ganin su ne ya kamata su zama a sahun gaba.

Ta farko, madatsun ruwa. An gina Kainji a 1968, Tiga a 1974, Alau a tsakiyar shekarun 1980. Ga Bakolori, ga Goronyo, ga Challawa, ga Dadin Kowa, ga Shiroro. An auna su ne da ruwan saman wancan zamani, da yawan jama'ar wancan zamani. Yau yashi da laka nawa suka cika cikinsu? Wane bango ne ya tsage? Ƙofofin sakin ruwa suna buɗuwa kuwa? In ɗaya ta ɓalle da tsakar dare, ruwan zai isa wace unguwa cikin awa ɗaya, wace cikin awa uku? Wannan ba gaibu ba ne, lissafi ne da injiniyoyinmu suka iya. Kuma ba za mu ce ba a gargaɗe mu ba: Bagauda ta ɓalle a Kano a 1988, Alau ɗin nan ta taɓa malale Maiduguri a 1994, mutanen Sakkwato ba su manta da ruwan Goronyo na 2010 ba. Ruwa kuma bai san iyaka ba, domin duk shekarar da Kamaru ta saki ruwan Lagdo, mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai ne ke kwana a tsaye. A bincika kowace madatsa, a zana taswirar inda ruwanta zai bi, a manna ta a ƙofar gidan kowane mai unguwa.

Ta biyu, wutar lantarki da duk abin da ya rataya a wuyanta. Ranar da wuta ta ɗauke na tsawon kwanaki, ba fitila kaɗai ke mutuwa ba. Injin tura ruwan famfo ya tsaya. Allurar rigakafi ta lalace a firji. Jinin da aka ajiye a asibiti ya ɓaci. Mai niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, tela, duk sun zauna. Mutanen Maiduguri sun ɗanɗana wannan tun Janairun 2021, lokacin da 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin Damaturu. Aka gyara, suka sake tarwatsawa bayan 'yan kwanaki, har sai da aka gina wa birnin tashar gas ta gaggawa a 2023. Muna so a bincika: waɗanne asibitoci da gidajen ruwa da turakun sadarwa ne dole su ci gaba da aiki ko da layin ƙasa ya mutu, kuma wutar sola ta nawa za ta riƙe su? Ina ne layin ya zama tilo, wanda in an kayar da turke ɗaya jihohi da dama za su shiga duhu? Ƙarfen da wayar da ake kwancewa, wace kasuwa suke shiga, wa ke saye, wa ke narkarwa? Wanda ya gano mai saye ya fi wanda ya kama yaro da zarto amfani.

Ta uku, gargaɗi da yadda yake isa ga talaka. Hasashen da ya ce ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari bai gaya wa Inna mai ƙosai ta wace hanya za ta bi ba, ko a wace makaranta za ta kwana da jikokinta. A Mokwa, ruwan ƙarshen Mayun 2025 ya zo da asuba ya tafi da mutane fiye da 150. A binciko mana: wane saƙo ne mutane ke yarda da shi, na rediyo, na lasifikar masallaci, na mai shela, ko na waya? Me ke hana magidanci barin gida ko da ya ji gargaɗi? Tsoron ɓarayi ne, ko dabbobinsa, ko rashin wurin zuwa? Me ke sa matashi ya ruga da jarka wurin tankar da ta faɗi, alhali ya ji labarin Majiya, kamar yadda aka sake gani a Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025? Zagin mamata ba zai amsa wannan ba. Sai an zauna da waɗanda suka tsira an saurare su. Haka kuma a auna nisan kowane babban gari da motar kashe gobara mai ruwa a cikinta, da asibitin da ya iya jinyar ƙuna.

Ta huɗu, hanyoyi da layin dogo da sadarwa. An kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris, 2022, aka kashe mutane, aka sace sama da 60, wasu sai a Oktoba suka dawo gida. Amma tun a Oktoban 2021 an dasa abin fashewa a wannan layi. Wata biyar ke nan tsakanin gargaɗi da masifa. Wace na'urar sa ido ce za ta jure zafinmu da ƙurar hunturu, kuma masu gyaranta na nan gida? Yaya za a mai da ƙauyukan da ke gefen layi su zama idonsa ba tare da an jefa su cikin haɗari ba? Sannan a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna don a takura wa 'yan bindiga. Me aka samu, me aka rasa? Hare-hare sun ragu? Mace mai naƙuda da ta kasa kiran mota fa, da ɗan kasuwar da cinikinsa ya tsaya? Kafin a sake ɗaukar irin wannan mataki, a auna na baya da alƙaluma.

Ta biyar, ajiye darasi. In jirgin sama ya faɗi a ƙasar nan, hukumar binciken haɗurra ta NSIB takan bi diddigi ta fitar da rahoto kowa ya karanta. Me ya sa ɓallewar madatsa ko ambaliyar da ta ci ɗaruruwa ba za ta samu irin wannan ba? Kwamiti bayan kwamiti, rahoton kuma ya ɓace a aljihun tebur. Muna so kowace babbar masifa ta samu rahoto mai zaman kansa cikin wata shida, a buga shi, a fassara shi da Hausa da Kanuri da Fulfulde, a karanta shi a rediyo.

Yaya za a san wadda za a fara da ita? Ma'auni uku sun isa. Rai nawa ke cikin haɗari? In wannan abu ya faɗi, abubuwa nawa za su bi shi? Sannan wa zai yi aiki da amsar, kuma ya yarda a rubuce cewa zai yi? Binciken da ba shi da mai jiransa kada a kashe masa kobo daga asusun da za a kafa don wannan aiki. Zaman tsara jerin kuma kada ya zama na farfesoshi da manyan sakatarori kaɗai. A kira mai buɗe ƙofar madatsa, da ɗan kwana-kwana, da ma'aikaciyar jinya, da direban tanka, da sarkin ruwa, da shugabar mata 'yan kasuwa, da jami'in Sibil Difens da ke gadin turaku. Su ne suka san inda abu ke fara lalacewa.

Wani zai ce mu aiki muke so, ba takarda ba. Gaskiya ne, amma aikin da ba a auna ba shi ne kwalbatin da ruwan farko ke tafiya da shi. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Duba madatsar a kan kari da gyara ta a kan lokaci ba zai ci kusa da haka ba, balle rayukan da ba su da farashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wani kuma zai ce harkar tsaro sirri ce. Inda soja zai kwana sirri ne, mun yarda. Amma lafiyar bangon da ke riƙe da ruwa a saman gidajenmu ba sirri ba ce, haƙƙinmu ne mu sani.

Don haka, ya ku gwamnonin Arewa 19, kuna da ƙungiya, kuna taruwa a Kaduna. Ku sa wannan a ajandarku, ku kafa asusu guda, kowace jiha ta zuba nata, a bayyana jerin tambayoyin da sunayen waɗanda aka ba aikin. Ya ku 'yan majalisa, lokacin kare kasafi ku tambayi kowace hukuma binciken da ta dogara da shi. Ranku ya daɗe iyayenmu sarakuna, dagatai da masu unguwanninku sun san kowane kwari da kowace gada, ku sa a tattara abin da suka sani a rubuce. Malamanmu na masallatai da majami'u, kun fi mu sanin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da yadda ya tanadi hatsi a shekarun yalwa. Ku tunatar da jama'a cewa shiri ba ya warware tawakkali. Attajiranmu na Kantin Kwari da Singa da Dawanau, kun san asarar da kuka tafka a kwanakin duhu, ɗaukar nauyin ɗalibai goma masu nazarin wuta bai kai ta ba. Shugabannin jami'o'i, ku sa amfanin bincike ga al'umma cikin ma'aunin ƙarin girma. Ɗalibai, ku zaɓi gadar garinku ko magudanar unguwarku ku yi kundinku a kanta, ku kai wa shugaban ƙaramar hukuma kwafi hannu da hannu. 'Yan jarida, kada ku jira gawa kafin ku je madatsa.

Kai kuma ɗan uwa, ke kuma 'yar uwa, naku aikin ya fi sauƙi, kuma shi ne zai motsa sauran. A wannan makon ku je wurin kansila ko mai unguwa ku yi masa tambaya uku: wace madatsa ko wane kogi ne ke saman garinmu, yaushe aka duba shi na ƙarshe, ina za mu nufa in an ce mu tashi? In bai sani ba, ku raka shi wurin wanda ya sani. Ku kira gidan rediyo ku maimaita tambayar. Ku ɗauko ta a taron ƙungiyar unguwa, a majalisar shayi, a taron iyayen yara. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ku ce ya fara amsa ta kafin ya buɗe jakar alkawura. Kada ku daina tambaya sai an ba ku amsa a rubuce, da suna da kwanan wata.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba mu ikon yin abin da ya rataya a wuyanmu.