Daga Kara-Kara zuwa Jami'a: Harshe ne Mai Gadin Ƙofa

Duk lokacin da Nijar ta shiga riƙon ƙwarya, jami'a ake waiwaya neman masu riƙe alƙalami. Ɗalibai ne suka fara buɗe hanya da jininsu ranar 9 ga Fabrairu 1990, sa'ad da aka yi musu ruwan harsashi a Gadar Kennedy ta Yamai. Da aka zauna Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, malamin tarihi ne haifaffen Damagaram, Farfesa André Salifou, ya shugabanci zaman, daga baya kuma ya ja ragamar majalisar riƙon ƙwarya. Jami'ar Zinder da aka kafa a 2010 sunansa take amsawa a yau. Babu mai musun cewa jami'a ce maƙerar manyan gobe. Abin da ya dame ni shi ne ƙarfen da ake kai wa wannan maƙera: na wa ake karɓa, na wa kuma ake bari a ƙofa?

A cikin garin nan na Zinder akwai unguwar Kara-Kara, wadda tun da can aka keɓe wa kutare da waɗanda gari ya juya wa baya. Aïcha Macky ta nuna wa duniya samarinta a fim ɗinta na 2021: ƙarfi ga shi, basira ga ta, aikin yi babu. Yaron da ya tashi a can yana iya taka sayyada ya isa ƙofar jami'a. Amma kafin ya zauna a aji sai ya ci jarrabawar bak da harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a fada wurin abokansa. Ɗan ma'aikaci kuwa da Faransanci ya buɗi ido. An ce tsere ɗaya suke yi, alhali an ba wani doki, wani kuma an ɗaure masa ƙafa.

Wannan shingen daɗaɗɗe ne. Turawan mulkin mallaka, da suka zauna da babban birninsu a Zinder har 1926, sun zaɓi ƴan ƙalilan ne suka tura su makarantar William Ponty ta Senegal, inda su Diori Hamani da Boubou Hama da Djibo Bakary suka yi karatu. Malaman Damagaram kuwa, masu Larabci da ajami, waɗanda suka riƙe wa sarakuna wasiƙu da shari'a, sai aka wayi gari ba a lissafa su cikin masu ilimi. (Har gobe wani fam ɗin hukuma yana iya mai da alaramma jahili.) An samu ƴanci a 1960, an buɗe jami'a a Yamai a farkon shekarun 1970, sojoji da farar hula sun yi ta karɓa-karɓa, amma mai gadin ƙofar bai gusa ba.

Yanzu ga wani riƙon ƙwaryar tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai doka ba ta rubuta littafin lissafi, ba ta horar da malami, ba ta ƙirƙiro kalmomin shari'a ko na likitanci. Kuma ba yau aka fara alkawarin ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ta ci sunansa, ya yi kira ga koyarwa da harsunan Afirka tun 1964, kuma a Zinder ɗin nan aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a 1973. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, gwaji bai zama tsari ba. Ina ganin dalilin bai wuce wannan ba: waɗanda za su sa hannu a cire shingen su ne waɗanda shingen ya yi wa rana.

Mu ɗaliban kimiyyar harshe ma muna cikinsu. Muna nazarin karin sautin Hausa da Faransanci, mu rubuta kundin kammala karatu da Faransanci, sannan mu yi mamakin yadda mutanen da muka naɗi muryoyinsu ba su taɓa karanta abin da muka ce a kansu ba. Ina ba da shawarar kowane kundi a sashenmu ya zo da cikakken taƙaitawa cikin harshen da aka nazarta, kuma a ɗauki aikin ƙamus na fannoni a matsayin bincike mai maki.

Akwai wani haɗari da ya kamata mu Hausawa mu fara faɗa da bakinmu. Idan Hausa ta hau kujerar Faransanci da irin halinsa, ɗan Zabarma da ɗan Barebari da Bafillace da Buzu su ne za su tsaya inda yaron Kara-Kara yake tsaye yau. Damagaram da ta taso a ƙarƙashin inuwar Barno, ta yi ciniki da ayarin Abzin, ta san zama da harshe fiye da ɗaya, kuma jami'arta ce ta fi dacewa ta fara buɗe azuzuwan Hausa da Barbarci kafaɗa da kafaɗa.